MA'AIKACIN DINDINDIN DA NA WUCIN GADI: INA ADALCI YA KE?

Ana farawa da sunan Allah, ana neman taimakonSa, ana kuma salati ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A cikin ma'aikatu da kamfanoni na wannan zamani a kan iske mutum biyu suna aiki iri ɗaya, a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin shugaba ɗaya. Tare su ke zuwa da safe, tare su ke tashi da maraice. Amma ɗayansu an ɗauke shi aiki na dindindin, watau yana da hutun shekara, da kuɗin asibiti, da fansho, kuma ba a iya sallamarsa sai da dalili da biyan diyya. Ɗayan kuwa takardarsa ta wata uku ce ko shida. In wa'adin ya cika sai a sake rubuta masa wata, ko kuwa a ce da shi ya huta tukuna har a neme shi. Yana iya yin shekara goma a kan haka, kullum sunansa sabo. Na farkon ya zama ɗan mowa, na biyun ɗan bora, alhali kuwa gumin da su ke zubarwa ɗaya ne.

Masana tattalin arziki suna kiran wannan hali rabuwar kasuwar ƙwadago gida biyu, sun kuwa daɗe suna jayayya a kan yadda za a gyara yarjejeniyar ɗaukar aiki domin a rage wannan rata. Amma kafin a kai ga lissafi da dokoki akwai tambayar da ta shafi lamiri, ita ce: shin ya halatta a riƙe mutum yana aikin da ba ya yankewa da takardar da kullum ta ke yankewa? In kuwa za a gyara, wa zai ɗauki nauyin gyaran? Domin kada maganar ta tsaya a iska, ya kamata a dubi wata ƙasa da ta sha wannan ciwo fiye da maƙwabtanta, ta kuma gwada magunguna iri iri a kansa.

Abin da ya faru a Sifaniya

Ƙasar Sifaniya ita ce ta ƙunshi mafi yawan yankin da littattafan tarihi su ke kira Andalus. Almajiran fiƙihu na ƙasar Hausa ba baƙinta ba ne, gama a birninta na Garnaɗa ne alƙali Ibn Asim, wanda ya rasu a 1426, ya wallafa Tuhfatul Hukkami da alƙalai su ka daɗe suna hukunci da ita a nan.

A shekarar 1984 rashin aiki ya yi tsanani a ƙasar, har ya kai wajen mutum ɗaya cikin biyar na masu neman aiki. Dokokin da a ka gada sun sa sallamar ma'aikaci tana da tsada da wahala, sabo da haka kamfanoni su ka riƙa nauyin hannu wajen ɗaukar sababbi. Gwamnatin Firayim Minista Felipe González ta ga ba za ta iya taɓa haƙƙin tsofaffin ma'aikata ba tare da tayar da ƙura ba. Sai ta bar su yadda su ke, ta buɗe wata ƙofa a gefe: ta halatta wa kamfanoni ɗaukar mutum na ɗan wa'adi, har zuwa shekara uku, ko da aikin da zai yi ba na wucin gadi ba ne.

Niyyar ita ce samar wa matasa abin yi, amma ƙofar gefe ta zama babbar ƙofa. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1990, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu karɓar albashi a ƙasar sun zama 'yan wucin gadi. Dalilin kuwa a fili ya ke. Kafin 2012, in kamfani ya sallami ma'aikacin dindindin ba bisa ƙa'ida ba, zai biya shi albashin kwana 45 a kan kowace shekara da ya yi yana aiki. Shi kuwa na wucin gadi, in wa'adinsa ya cika, abin da a ke ba shi bai wuce na kwana 8 zuwa 12 ba. Duk mai kamfanin da ya iya ƙidaya ya san wanda zai ɗauka.

Ranar wanka ta zo a 2008, sa'ad da tattalin arzikin duniya ya girgiza, harkar gine-gine ta durƙushe a Sifaniya. Rashin aiki ya tashi daga wajen kashi 8 cikin 100 a 2007 zuwa sama da kashi 26 a farkon 2013, a cikin matasa kuwa ya haura rabi. Waɗanda a ka fara zubarwa su ne 'yan wucin gadi, domin ba a bukatar a kore su ma. Shiru kawai a ke yi har wa'adi ya cika. Ba a dubi wanda ya fi ƙwazo ko wanda ya fi iyali ba, an dubi wanda rabuwa da shi ta fi araha ne.

Ɓarnar ba ta tsaya a ranar sallama ba. Kamfani ba ya kashe kuɗi wajen koya wa wanda zai tafi bayan wata shida sana'a, don haka sai ya daɗe yana aiki bai ƙware a kome ba. Banki ba ya son ba shi rancen gida, mai gidan haya yana ɗari-ɗari da shi. Matasan ƙasar sai sun kai wajen shekara 30 kafin su bar gidan iyayensu, ko da ya ke tsadar gidaje ita ma tana da nata kaso a cikin wannan. Mutumin da bai san inda zai ke ba bayan wata uku, da wuya ya yi ƙarfin halin neman aure. Ta haka takardar ofis ta kan shiga har cikin ɗakin mutum.

Matsayin ijara a Shari'a

Malaman fiƙihu suna tattauna ɗaukar mutum aiki a babin ijara, sun kuwa shar'anta mata sharuɗɗa: a san aikin, a san ladan, a san wa'adi ko iyakar aikin, kuma ɓangarorin biyu su yarda. Daga nan za a gane cewa yarjejeniya mai wa'adi ba haramun ba ce a kanta, hasali ma ita ce a ka fi sani a littattafai. Wanda ya ce duk aikin wucin gadi zalunci ne, lalle ya wuce gona da iri. Manomi yana ɗaukar 'yan ƙwadago don girbi, in an gama girbi an gama. Mai gini yana ɗaukar magina har a kai rufi. Babu wanda ya cuci wani a nan, domin aikin ne da kansa ya ke da farko da ƙarshe.

Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin irin wannan yarjejeniya a cikin Suratul Ƙasas, daga aya ta 26 zuwa ta 28, tsakanin Annabi Musa (A.S.) da dattijon Madyana, wanda da yawa daga masu tafsiri su ka ce Annabi Shu'aibu ne. Ɗaya daga cikin 'ya'yan dattijon mata ita ce ta ba da shawarar a ɗauke shi, ta yabe shi da ƙarfi da amana. Dattijon ya yanka wa'adin shekara takwas, ya bar cikon goma a hannun Musa in ya ga dama, ya kuma bayyana cewa ba ya nufin tsananta masa. Musa ya karɓa, ya sanya Allah wakili a kan abin da su ka ƙulla. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa mafi tsawon wa'adin nan biyu Musa ya cika.

Akwai abin lura a nan. Musa ya zo Madyana ne yana gudun hijira, ba shi da dangi, ba shi da guzuri. In da dattijon mai cin gajiyar rauni ne, da ya same shi a ɓagas. Amma sai ya fayyace masa wa'adi tun farko, ya ajiye zaɓin ƙari a hannun wanda a ka ɗauka, ya kuma shigar da shi cikin iyalinsa. A yau abin ya juye: zaɓin ƙarin wa'adi yana hannun ubangida shi kaɗai, shi ne kuma bulalar da a ke kaɗa ma'aikaci da ita.

Har wa yau malamai sun kasa ɗan ijara gida biyu. Akwai na tarayya, kamar maɗinki ko marini ko maƙeri, wanda ya ke karɓar aikin kowa, a biya shi a kan abin da ya gama. Akwai kuma keɓantacce, wanda ya sallama lokacinsa ga mutum ɗaya, ba shi da ikon yi wa wani aiki a cikin wannan lokaci. Shi wannan ya cancanci ladansa da zarar ya miƙa kansa ga aiki, ko da ubangidan bai ba shi abin yi ba a ranar, domin lokacinsa a ka saya. Ma'aikacin da ya shekara biyar a kan teburi ɗaya, yana sa hannu a rajista safe da yamma, ba ya iya fita sai da izini, babu shakka keɓantacce ne. Neman a mallaki lokacinsa kamar keɓantacce, sa'an nan a rabu da shi kamar maɗinkin da ya gama riga, haɗa riba biyu ne a hannu ɗaya.

Dabara ba ta sāke hukunci

Daga cikin ƙa'idodin da malamai su ka kafa akwai cewa abin lura a yarjejeniya shi ne manufa da ma'ana, ba lafazin da a ka rubuta kaɗai ba. Mazhabar Imam Malik ta shahara da tsanantawa a nan, gama tana toshe hanyar da ta ke kai wa ga haram ko da farkonta halal ne. Imam Shaɗibi, wanda shi ma ɗan Garnaɗa ne, ya rasu a 1388, ya yi dogon bayani a kan cewa duk wanda ya yi amfani da hukuncin Shari'a domin ya rushe manufar da a ka sanya hukuncin dominta, to, aikinsa ɓatacce ne.

Misali mafi kusa da wannan mas'ala yana babin zakka. Ya tabbata a hadisi cewa an hana raba garken da ya ke haɗe, ko haɗa wanda ya ke rabe, don gudun zakka. Raba tumaki halal ne, haɗa su ma halal ne. Abin da ya ɓata shi shi ne niyyar kauce wa haƙƙin matalauta. To, wanda ya ɗauki aikin shekara goma ya yayyanka shi wata uku uku, ba don aikin yana tsayawa ba sai don kada ma'aikaci ya kai munzalin da zai cancanci hutu da fansho, mene ne bambancinsa da mai raba garke? Suratul A'araf ta ba da labarin mutanen wata alƙarya ta bakin teku da a ka hana su kamun kifi ran Asabar. Masu tafsiri sun ce sai su ka riƙa kafa tarko kafin ranar, su kwashe bayanta, suna ganin sun kiyaye doka. Allah bai karɓi wannan wayo daga gare su ba.

Mai kamfani zai iya cewa: ai ma'aikacin ya karanta takarda, ya sa hannu da yardarsa, kuma an umarci muminai da cika alkawari. Gaskiya ne, yarda sharaɗi ce. Amma ba kowace yarda ce ta ke wanke mai ƙarfi ba. Mai cin bashi da riba shi ma da yardarsa ya ke karɓa, wannan kuwa bai halatta riba ba. An hana tare ayari a bayan gari a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa, ko da sun sallama da bakinsu. Saurayin da ya shekara uku yana yawo da takardun makaranta, ga mutum ɗari a bayansa suna jiran kujerar, zai sa hannu a kan ko mene ne a ka miƙa masa. Sa hannun nasa ya ɗaure shi a gaban kotu, amma bai kuɓutar da ubangidansa a gaban Allah ba. Imam Buhari ya ruwaito hadisin ƙudusi da ya ambaci mutum uku waɗanda Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Lada kuwa a wannan zamani bai tsaya ga kuɗin ƙarshen wata ba. Abin da al'ada da doka su ka sani a matsayin haƙƙin mai irin wannan aiki, daidai ya ke da abin da a ka shar'anta a rubuce.

Wata ƙa'idar ita ce wanda ya ke cin riba shi ne ya ke ɗaukar hasara. Mai jari ya cancanci ribarsa ne domin shi ya ke fuskantar faɗuwar kasuwa. To, amma in ya tsara al'amari yadda in kasuwa ta yi kyau ribar tasa ce, in ta faɗi kuwa sai ya zubar da 'yan wucin gadi ya tsira da jarinsa, ya ɗora hasarar ke nan a kan wanda bai taɓa cin ribar ba. Abin da ya auku a Sifaniya ke nan bayan 2008.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Adalci bai yarda a saurari mai ƙara a ƙyale wanda a ke ƙara ba. Mai kamfani yana da tasa damuwar ta gaskiya. Bai san abin da gobe za ta zo da shi ba, kuma in doka ta mayar da ɗaukar ma'aikaci kamar auren da babu saki a cikinsa, sai ya ƙi ɗauka sam. Mai ƙaramar masana'anta da ya ke da ma'aikata goma, diyyar sallamar mutum biyu tana iya karya shi. In ya karye kuwa, duk goman ne za su koma gida. Dokar da ta cika tsanani ta kan kare wanda ya riga ya shiga, ta rufe ƙofa a fuskar wanda ya ke waje.

A nan ne maganar ta ke da ɗaci ga ma'aikatan dindindin. Kwanciyar hankalin da su ke ciki, wani ɓangarenta 'yan wucin gadi ne su ke biyan kuɗinta, domin su ne katangar da iska ta ke fara duka. An sha zargin ƙungiyoyin ƙwadago a ƙasashe da dama da cewa sun fi zafi wajen kare waɗanda su ke biyan kuɗin ƙungiya, su kan yi sanyi a kan waɗanda ba su da katin shiga. Mai imani ba ya cika imaninsa sai ya so wa ɗan'uwansa abin da ya ke so wa kansa, wannan kuwa ya haɗa da ɗan'uwan da ya ke zaune a teburin kusa.

Haka nan akwai ma'aikacin dindindin da ya mai da amincin da a ka ba shi lasisin lalaci. Ya zo a makare, ya sa hannu, ya ɓace, na wucin gadi ne zai yi aikin biyu don tsoron kada a ƙi sabunta masa takarda. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Albashin da a ka karɓa ba a yi aikinsa ba, cin dukiyar mutane ne da ƙarya. Irin wannan mutum shi ya ke ba masu kamfani hujjar da su ke kafawa da ita wajen ƙin tabbatar da kowa. Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Gargaɗin ya hau kan ubangida mai tauye lada, ya kuma hau kan ma'aikaci mai tauye aiki.

Hanyoyin gyara da a ka gwada

Hanya ta farko ita ce a rage ratar ta sama. A 2012 gwamnatin Mariano Rajoy ta sauko da diyyar sallama ba bisa ƙa'ida ba daga kwana 45 zuwa 33, ta kuma sauƙaƙa sallama sabo da matsin tattalin arziki a kan diyyar kwana 20. Na dindindin ya rasa wani abu, amma na wucin gadi bai sami abin kirki ba, yawansu ya ci gaba da zama wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Rage wa mai ƙoshi abinci ba ya ƙosar da mai yunwa.

Hanya ta biyu ita ce yarjejeniya guda ga kowa. A 2009 masana tattalin arziki kimanin 100 a Sifaniya su ka ba da shawarar a kawar da bambancin, kowa a ɗauke shi ba tare da wa'adi ba, amma diyyar sallama ta fara da kaɗan ta riƙa ƙaruwa shekara bayan shekara. Watau a maimakon katanga tsakanin gida biyu, a yi matakala da kowa zai hau. Sifaniya ba ta karɓi shawarar ba. Italiya ce ta ɗauki wani abu mai kama da ita a 2015, zamanin Matteo Renzi, ko da ya ke ba ta soke yarjejeniyar wucin gadi ba. A 2018 kotun tsarin mulkin Italiya ta soke ƙa'idar lissafa diyya da yawan shekaru kaɗai, ta ce dole a bar wa alƙali ikon duba girman cutar da a ka yi wa mutum. Wannan hukunci yana da kusanci da ruhin fiƙihu, domin wanda a ka kora da zalunci a shekararsa ta farko an zalunce shi, ƙarancin shekarunsa bai rage muni ga abin da a ka yi masa ba.

Hanya ta uku ita ce wadda Sifaniya ta bi a watan Disamba na 2021, bayan doguwar tattaunawa tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kamfanoni. Majalisa ta tabbatar da dokar ran 3 ga Fabrairu 2022 da ƙuri'a 175 a kan 174. Ginshiƙinta shi ne cewa kowace yarjejeniyar aiki ana ɗaukarta ta dindindin ce, sai in mai kamfani ya nuna dalili: ko dai ƙaruwar aiki ta ɗan lokaci, wadda a ka iyakance wa wata shida da damar kai wa shekara ɗaya, ko kuwa riƙon gurbin wanda ya tafi hutu. Wanda a ka jera wa takardu har ya yi fiye da wata 18 cikin wata 24, ya zama na dindindin da ƙarfin doka. Masu aikin kaka kuwa, irin na gonaki da masaukin baƙi, a ka ƙarfafa ɗaukarsu da yarjejeniya mai ɗorewa wadda ta ke ba su haƙƙin a kira su duk lokacin da kakar ta zagayo, shekarunsu na aiki kuma suna taruwa.

Bayan wannan yawan 'yan wucin gadi ya sauka daga kashi ɗaya cikin huɗu zuwa wajen kashi 16 cikin 100 a 2024. Masu suka suna cewa wani ɓangare na nasarar sauyin suna ne kawai, domin mai aikin kaka yana nan zaune a gida ba albashi a watannin da babu aiki. Abin mamaki kuma, a ma'aikatun gwamnati ne abin ya fi ƙin gyaruwa, inda kusan uku cikin goma su ka ci gaba da zama na wucin gadi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Duk da haka asalin dokar daidai ne: yanayin aiki shi ne zai hukunta irin takarda, kuma hujja tana kan wanda ya yi da'awar cewa aikin mai wucewa ne. Hukuma kuwa tana da ikon ƙayyade abin da ya ke halal a asali in an mai da shi hanyar cuta, gama Shari'a ta hana cutarwa da ramuwar cutarwa.

Abin da ya shafi gida

Wannan ciwo ba na Turai ba ne kaɗai. A Nijeriya an daɗe ana kuka da shi a bankuna da kamfanonin mai da masana'antu, inda a ke ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangilar samar da ma'aikata. Kamfani ya biya ɗan kwangila, ɗan kwangila ya yanki nasa ya miƙa ragowa, in an zo maganar haƙƙi kowa ya nuna ɗan'uwansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Dokoki kuwa suna nan a rubuce. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su wuce. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. A watan Yuli na 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Sauran aiki shi ne zartarwa, da toshe ƙofofin da a ke bi a kewaye.

Kada kuma a zaci maganar ta manyan kamfanoni ce kaɗai. Ta shafi mai makaranta da ya ke yanke albashin malamai a lokacin hutu alhali ya hana su neman wani aiki. Ta shafi mai shago da yaronsa ya shekara goma sha biyar yana jiran sallama. Ta shafi mai gida da direbansa da mai gadinsa, waɗanda ba su da takarda sai fatar baki. Kowanne daga cikin waɗannan iyayen gida yana iya gyara nasa tun yau ba sai ya jira majalisa ba: ya rubuta sharuɗɗa, ya faɗi gaskiyar wa'adi, ya daidaita lada tsakanin masu aiki iri ɗaya, ya kuma tanadi wani abu domin ranar rabuwa gwargwadon daɗewar mutum.

Alƙali Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya ga wani tsoho makaho Bayahude yana bara. Da ya tambaye shi dalili, sai ya ce tsufa ne da bukata da neman abin biyan jiziya. Umar ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sa'an nan ya umarci ma'ajin Baitulmali da ya kula da shi da ire-irensa, ya kuma ɗauke musu jiziya. Dalilin da ya bayar shi ne cewa ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yar da shi in ya tsufa. Wannan tsoho ba Musulmi ba ne, babu kuma wata takarda tsakaninsa da Umar. In haka a ka yi da shi, ina ga wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a ƙofar mutum, shekara da shekaru, wata uku uku?

Allah Ya ba shugabanni ikon tsayar da adalci, Ya sanya tausayi a zukatan masu ɗaukar aiki da amana a hannun ma'aikata, Ya kuma tsare kowa daga zuwa gabanSa da haƙƙin wani a wuyansa. Amin.